Wai me ya sa tashe a waya bai kai tashe a ƙofar gida ba?

Azumin da ya wuce ƙanena ya turo min wani bidiyo na yara suna tashen tsoho da gemu, ya ce wai in kalla in sha dariya, na kalla har ƙarshe kuma gaskiya yaran sun iya, gemun audugar ya zauna, sandar ta dace, mai yin tsohon har rawar gwiwa yake kamar da gaske, amma ko murmushin kirki ban yi ba. A daren nan bayan an sauko daga asham sai ga yaran layinmu sun zo da irin wasan sak, kuma wallahi ba su kama ƙafar na bidiyon ba, tsohon nasu ma ɗan maƙwabcinmu ne wanda bai fi shekara tara ba, ya zuro rigar babansa tana jan ƙasa, amma sai da na riƙe ciki don dariya. Tun daga ranar abin yake min yawo a kai. Wasa ɗaya ne, wanda ya fi kyau bai taɓa ni ba, wanda bai kai shi ba ya kusa kayar da ni daga kan benci, to ina bambancin yake?

Ashe wannan tambayar ba ƙarama ba ce, mutane sun fi shekara 2,000 suna kai ruwa rana a kanta, kuma daga kalmar da muke amfani da ita kullum ma rigimar ta fara, wato kwaikwayo. Girkawan da suna ce masa mimesis, kuma a wajensu ba ɗan wasa kaɗai ke yinsa ba, mai zane kwaikwayo yake, mai sassaƙa kwaikwayo yake, mawaƙi ma haka. Aflatun, wanda ya rayu a birnin Atina wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ne ya fara ɗaure wa abin tamau. A littafinsa na Jamhuriya ya kawo misalin gado, ya ce gado kala uku ne: akwai ainihin ma'anar gado wadda ba hannun mutum ya yi ta ba, akwai wanda kafinta ya haɗa yana bin waccan ma'anar, sai kuma wanda mai zane ya zana yana kallon na kafinta. Na ukun nan kwafin kwafi ne, ba ya kwantuwa, kuma mai zanen ba lallai ya san ko yadda ake riƙe zarto ba, kamanni kawai ya ɗauko daga gefe guda. To a ganinsa mai kwaikwayo dillalin inuwa ne.

Amma ni abin da na fi lura da shi a maganar Aflatun tsoro ne, ba raini ba. Mutum ba ya korar abin da ya raina daga gari. Cewa ya yi idan gwanin da ya iya rikiɗa ya zama kowa ya zo birnin da yake mafarkin kafawa, za a girmama shi, a zuba masa turare a ka, a yi masa naɗi na ulu, sannan a raka shi ya wuce wani garin. Dalilinsa kuwa duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san shi, ai mu ma an sha kwaɓar mu cewa in ka cika kwaikwayon mai in'ina za ta kama ka. Abin da kake kwaikwayo yau gobe shi ne halinka, kuma mai kallo da ya saba zubar da hawaye don wahalar ƙarya zuciyarsa za ta yi laushin da ba a so ranar da ta gaske ta zo.

Ɗalibinsa Aristo bai yarda ba. Shi ya ce kwaikwayo a jinin ɗan Adam yake tun yana yaro kuma da shi yake fara koyon komai, wanda duk mai ƙanwa da ta taɓa goya 'yartsana ko ta tuƙa tuwon ƙasa ta raba wa ƙawaye ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya kuma lura da wani abu mai ban mamaki, cewa abin da ba ma son gani ido da ido, kamar gawa ko wata mummunar dabba, in an zana shi da kyau sai mu tsaya muna kallo har da jin daɗi. Ke nan kwaikwayo ba kwafi ba ne kawai, wani abu yake yi wa abin da ya ɗauko. Har ya ce mai tsara wasa ya fi mai rubuta tarihi kusa da hikima, don mai tarihi abin da ya faru yake faɗa, shi kuwa abin da zai iya faruwa ga kowa yake nunawa. Hawayen da malaminsa ke tsoro kuma shi wanki ya ɗauke su, tausayi da fargaba su taso a wajen kallo su fita, mutum ya koma gida da sauƙi.

Akwai wani ɗan labari a nan da nake so sosai. Lokacin da aka mayar da littafin Aristo kan waƙa da wasa zuwa Larabci a Bagadaza, aikin Abu Bishr Matta bin Yunus wanda ya rasu a 940, kuma daga fassarar Suryaniyanci, wani tsohon harshen yankin Siriya da Iraƙi, ya ɗauko ba daga Girkanci ba, sai ya ci karo da kalmomi biyu na wasan dandamali, ɗaya ta wasan ban tausayi ɗaya ta wasan ban dariya, alhali a garinsu babu irin dandamalin Girkawa. Sai ya fassara su da madahu da hija'i, yabo da zambo ke nan. Ibn Rushd, malamin falsafa na Ƙurɗuba ta Andalus, wanda ya rasu a 1198, da ya zo yin sharhin littafin, a kan wannan fassarar ya tafi, yana kawo baitocin Larabawa a matsayin misali. An daɗe ana yi musu dariya wai ba su gane littafin ba, to e, sun kauce wa abin da Aristo ke nufi, amma ni dai in na dubi wasannin da na tashi na gani sai in ga kuskuren nasu ya faɗo kan wata gaskiya. A wajenmu ai da wuya a kwaikwayi mutum haka siddan, ko dai ana ɗaga shi ko ana yi masa shaguɓe. Tashe kusan dukkansa zambo ne da aka lulluɓe da wasa: malamin da ya musanta ya yi rawa alhali an gan shi, mai maganin da ke lissafo itatuwa, mai gida da matarsa suna faɗa kan cefane.

Shi Aflatun da Aristo duk sun fi damuwa da alaƙar kwafi da asali. Waɗanda suka zo daga baya suka buɗe fannin nazarin wasa na gaban jama'a, su suka juya tambayar, suka ce a bar maganar me wasan ke nunawa tukuna, a duba me ke faruwa a wajen, tsakanin wa da wa. Jagoransu Richard Schechner ne na Jami'ar New York, inda aka kafa sashe na musamman a 1980, kuma ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Victor Turner, masanin al'adu da ya zauna cikin mutanen Ndembu a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya. Schechner yana da wata magana da in ka fara jinta kamar wasa da hankali: wai ɗan wasa a lokacin da yake wasa ba shi ba ne, amma kuma ba za a ce ba shi ba ne. To a nan na samu amsar tambayata. Yaron maƙwabcinmu da ya ranƙwafa yana tari, ba tsoho ba ne, kowa ya sani, da safe na aike shi sayo ƙanƙara. Amma kuma ba yaron da na aika ba ne, don tarin da yake yi na kakansa ne sak, kuma duk wanda ke kan bencin nan ya san kakan, ya san yadda yake gyaran murya kafin ya fara faɗa. Dariyar tana tsakanin biyun ne, kana ganin yaron kana ganin tsohon a jiki ɗaya lokaci ɗaya. Yaran bidiyo kuwa ban san su ba, ban san wa suke kwaikwayo ba, rabin abin kawai ya iso wayata, wato tsohon, kuma tsohon shi kaɗai ba abin dariya ba ne.

In kana son ganin abin ya kai maƙura ka dubi wasan gauta na gidajen sarauta, inda matan cikin gida ke shiga kayan sarki da na hakimai da fadawa su yi zaman fada nasu, suna kwaikwayon tafiyar kowa da maganarsa, su kuma waɗanda ake kwaikwayo suna kallo. Ko kalankuwa bayan kaka, da samari ke raba muƙamai a tsakaninsu, wannan gwamna wancan alƙali wancan ɗan doka, har a yanke hukunci a ci tara. Ko tashen gwauro a Kano, da Nalako ke kamo gwauraye na gaske, ba na wasa ba, a sa musu kaya a zaga da su gari ana kiɗa. Ka ga a nan misalin gadon Aflatun ya rushe, don asalin yana zaune yana kallon kwafinsa, wani lokacin ma asalin shi aka ɗaura wa igiya yake wasan kansa. Kuma maganar da ba wanda zai iya tarar basarake da ita a zaure, a wasa sai ta wuce, an faɗa kuma ba a faɗa ba. Wannan rigar kariyar ita ce rabin amfanin kwaikwayo a wajenmu.

Su kansu 'yan wasan Turai sun rabu kan yadda ya kamata a sa wannan rigar. Diderot na Faransa a ƙarni na 18 cewa ya yi gwanin ɗan wasa shi ne wanda zuciyarsa ke sanyi ƙalau lokacin da yake sa mutane kuka. Stanislavski na Rasha, wanda shi da abokin aikinsa suka kafa gidan wasansu a Mosko a 1898, ya fi karkata ga ɗan wasa ya tono abin daga cikinsa har ya ji shi. Bertolt Brecht na Jamus kuwa misalinsa ya fi burge ni don kullum muna ganinsa a majalisa: an yi haɗari a titi, wanda ya gani yana ba da labari, sai ya miƙe ya nuna yadda direban ya murɗa sitiyari, ya koma ya nuna yadda mai tafiya ya daka tsalle, a tsakani yana cewa kun gani ko, ai laifin wane ne. Bai zama direban ba, nuna shi yake don a yanke hukunci. Brecht ya ce haka yake son wasa ya kasance, kar mai kallo ya nutse har ya manta da hankalinsa. Yaran tashe ba su taɓa jin sunansa ba amma haka suke yi, tsohon zai tsaya tsakiyar tari ya ce da abokinsa kai riƙe min robar kuɗin da kyau.

Sai dai rigar tana da inda take yagewa, kuma nan ne abin ya daina zama hirar 'yan boko. Wani masanin falsafa na Oxford, J. L. Austin, a laccocinsa da aka buga a 1962, ya nuna cewa akwai maganganun da ba labari suke bayarwa ba, aiki suke aikatawa, kamar na yi alkawari, na sayar, na ba ka. Da ka furta abin ya auku. Amma ya ce in ɗan wasa ne ya furta su a dandamali to fanko ne, ba komai a ciki. To mu kuma muna da hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa abubuwa uku gaskensu gaske ne wasansu ma gaske ne, aure da saki da kome. Shi ya sa tambayar nan ba ta ƙarewa a wajen masu kallon finafinan Hausa, in miji da mata na gaske suka fito a fim ya furta mata saki fa, ko in uba na gaske ya ce ya ba da 'yarsa a gaban shaidu kyamara na ɗauka? Fatawa ta malamai ce ba tawa ba, ni abin da ya ja hankalina shi ne ainihin gardamar ita ce ta Schechner: da bakin wa aka yi maganar, na mutumin ko na wanda yake kwaikwayo, tunda baki ɗaya ne?

Bori ma wata irin matsala yake jefa masu nazari. Wanda ake kira doki ko goɗiya ba ya cewa yana kwaikwayon Ɗan Galadima ko Sarkin Rafi, cewa ake an hau shi, shi ba ya nan ma. Amma mai kallo daga gefe yana ganin kowane iska da kayansa da tafiyarsa da kiɗansa na garaya ko goge, abubuwan da sai an koya ake iyawa. Ba maganar halasci ko gaskiyar abin nake ba, wannan an daɗe da yi, ina nuna cewa mai wasa yana cewa ni ne nake nuna wani, ɗan bori yana cewa wani ne ya zo ni na kauce, kuma daga waje ido ba ya iya raba su cikin sauƙi.

Yanzu mu dawo kan waya. A 1993 wata masaniyar nazarin wasa, Peggy Phelan, ta yi wata magana da ta zama abin kafa hujja, cewa wasan gaban jama'a rayuwarsa a yanzu take kawai, ba ya ajiyuwa, da ka naɗe shi ya zama wani abu daban. Masu wannan ra'ayin suna son kawo misalin wata mai fasaha, Marina Abramović, wadda a 2010 ta zauna kan kujera a wani gidan adana kayan fasaha a New York sama da awa 700 cikin kusan wata uku, ba ta magana ba ta komai, mutane na bin layi su zauna gabanta su kalli idonta, wasu har kuka. Hotunan suna nan birjik a intanet, ka kalla ka ga ko za ka yi kuka. Sai wani masanin, Philip Auslander, ya fito a 1999 ya ce a dakata, ita kanta maganar kai tsaye ai ba ta da ma'ana sai da aka ƙirƙiro naɗi, kafin rediyo da faifai ba wanda ke cewa wasa kai tsaye ne don babu wani irinsa da za a bambanta, kuma yanzu wasan gaban jama'a shi ke bin na naɗe a baya yana kwaikwayonsa.

Gaskiya mutumin nan ya taɓo wani waje. Je ka biki yanzu ka ga mawaƙi riƙe da makirufo yana motsa baki DJ na sakin muryar da aka gyara a situdiyo, kuma in ya kuskura ya yi da muryarsa ta ainihi sai a ce bai iya ba, don kunne ya saba da ta waya. Masu liƙi ma rabin hankalinsu na kan mai ɗaukar hoto. Har yaran tashe na lura wasu sun fara juya wa mai gida baya suna fuskantar wanda ya ɗaga waya. To amma duk da haka ban bi shi har ƙarshe ba, saboda akwai abu ɗaya da naɗi bai iya ɗaukowa, shi ne cewa ni mai kallo ina da hannu a abin. Ina iya ba da sadaka ina iya hanawa, ina iya cewa kai wannan ai tarin Malam wane ne, yaron ya ji ya ƙara masa gishiri, mahaifiyarsa na iya leƙowa ta gane rigar da aka sato. Wasan na iya lalacewa a gabana, kuma sanin hakan na cikin daɗinsa. Bidiyo ko sau ɗari na kunna ba ruwansa da ni.

Masu mulki kam sun daɗe da gane wannan, tun kafin masana. Herodotus, marubucin tarihin Girkawan da, ya ba da labarin wani mai tsara wasa, Phrynichus, da ya nuna wasa a Atina kan faɗuwar birnin Miletus a hannun Farisawa, abin da ya faru a 494 kafin haihuwar Annabi Isa, 'yan kallo suka fashe da kuka, aka ci shi tarar dirakma 1,000, kuɗinsu na wancan zamanin, aka hana sake nuna wasan, laifinsa ya tuna musu da masifar da ta shafe su. A Kenya a 1977 manoma da ma'aikatan ƙauyen Kamiriithu suka gina dandamali da hannunsu suka yi wasa da harshen Gikuyu tare da marubuci Ngugi wa Thiong'o, gwamnati ta janye izinin wasan, ta tsare Ngugi kusan shekara guda ba shari'a, a 1982 kuma aka rushe wajen. Littattafansa na Turanci da suka soki masu mulki sun daɗe a kasuwa, abin da ba a iya haɗiyewa ba shi ne talakawa sun taru waje ɗaya suna kallon 'yan uwansu na nuna rayuwarsu da harshensu. Irin wannan tunanin, haɗe da na Augusto Boal na Brazil da ke cewa mai kallo ya taso ya shiga wasan ya gwada tasa mafitar, shi malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suka ɗauka tun shekarun 1970 suka fita da shi Samaru da ƙauyukan kewayen Zariya, a zauna da mutane a ji damuwarsu, a mayar da ita wasa a dandalin gari, a tsaya a tsakiya a tambaye su to yanzu ya za a yi. A Kano ma 'yan shekarun nan an sha jin 'yan sanda sun dakatar da tashe saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi, dalilin tsaro ne kuma ba ƙarya ba ne, amma bidiyoyin tashe na nan suna yawo ba wanda ya ce musu kanzil, taron jikin mutane a titi shi ne abin da ake iya jin tsoro.

A daren nan dai ana tsakiyar amshin ya tsufa sai gemun yaron ya ɓalle gefe guda ya rataya a kunnensa, bai ko tsaya ba, ya tofa wa audugar yawu ya mayar ya danne da tafin hannu, ya ci gaba da tari yana hararar wanda ya fara dariya irin hararar kakansa. Na ba su naira 200 suka wuce gida na gaba. Ashe ƙanen nawa yana gefe yana ɗauka, washegari ya sa a sitatus, na duba sai na ga ya yanke wajen da gemun ya faɗi, na tambaye shi dalili ya ce ai wajen ne suka yi kuskure.